Mai Tsani da Wayar da Aka Sare a Layinmu

Kullum da safe yakan ɗaure tsaninsa a bayan babur, ya bi akwatunan wayar sadarwa na bakin titi ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe, ya kakkaɓe, ya duba, ya rufe. Mai Tsani muke kiransa, kuma a watan nan zai ajiye aiki.

Yakan ce yawancin ɗaukewar sabis hannun mutum ne, ba laifin na'ura ba. Ba mu gane ba sai ranar da matasan layinmu suka fito haƙar kwata.

Da hantsi sabis ya ɗauke ɗif. Maƙwabcinmu tela, 'yarsa na naƙuda a asibitin wani gari, an ce ƙila sai an yi mata aiki, surukinsa kuma ya ce zai kira. Tela ya kashe waya ya kunna. Ya cire layi ya goga a riga. Matarsa ta ce ya hau katanga, da furfurarsa ya hau. Wani ya ce hadari ne, alhali sama tas take. Wani ya ce wayar ce ta tsufa, to ta kowa ma ta tsufa ne rana ɗaya?

Da Mai Tsani ya iso bai karɓi wayar kowa ba, sabuwar ƙasar haƙa ya bi. Matasan suka ce wata saiwa ce kawai ta tare su, suka sare ta.

"Saiwa mai rigar roba?" in ji shi. "Ku nuna mini bishiyar."

Bai zagi kowa ba. Ya shiga ramin cikin taɓo, yana haɗa wasu zarurruka sirara kamar gashi. Tela ya tsaya kansa da lema, yana tambaya ko da gaske ta nan labarin 'yarsa zai biyo.

"Ta nan, yaya. Daina girgiza lemar."

Har yau ban san yadda magana ke shiga zare ba.

Bayan la'asar wayar tela ta yi ƙara. Bai amsa da kansa ba, ya miƙa wa Mai Tsani ita cikin rami. Mai Tsani ya saurara, ya ɗago kai, ya ce an sauka lafiya, uwa da 'ya.

Mai Tsani, kai ne ka gyara ɓarnar da ba kai ka yi ba, ba ka kunyata wanda ya yi ba. Mu masu 'ya'ya a nesa mun gode, Allah ya hutar da kai lafiya. Masu tasowa, ku koyi halinsa. Mai diga kuma, ka tambaya kafin ka sara, wani uba yana jiran kira.