Shekarar da Muka Shayar da Rijiya

Rijiyar gidanmu a Tambuwal ba ta da zurfi. Kakan maigidana ne ya haƙa ta, kuma duk wanda ya zauna da maigidan ko na shan ruwa ne sai ya ji cewa ba ta taɓa ƙafewa ba. Matan unguwa su shigo su ɗiba, shi kuma yana zaure yana karɓar godiya, sai ka ce shi ke tsatso ruwan daga jikinsa.

Wata bazara guga ya fara dawowa da rabi, daga baya da laka. Na same shi na ce, "Malam, rijiyag ga tana janyewa."

Ya ce, "Igiyarku ce gajera."

Na ƙara igiya. Guga ya sauka ya bugi ƙasa, ya dawo mini da kwaɗo.

Shawara kam mun sha ta. Ni na ce a kira masu yasa su kwashe lakar da ta toshe idon ruwan, in bai isa ba a ƙara mata zurfi, a sa zoben siminti kada ta rufta. Surukata ta ce a rufe ta ta huta, a hana 'yan unguwa ɗiba har damina. Ƙanen maigida mai aiki a sakatariya ya ce duk wannan aikin mutanen da ne, a haɗa kai da maƙwabta a tona bohol. Ya faɗa, ya shanye furarmu, ya hau babur, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba sai da gero ya yi kai.

Maigida ya ƙi duka. "A tara mini ƙasa a ƙofar gida kowa ya wuce ya gani? A ce rijiyar kakana ta gaza a hannuna?"

Ran nan matan unguwa muka tafi suna. Na dawo da wuri saboda ciwon kai, sai na tarar da kurar 'yan ga-ruwa a tsakar gida, an shigo da ita ta ƙofar baya. Ƙarti biyu suna juye jarkoki cikin rijiya, maigida na tsaye yana nuna musu inda za su zuba.

Na ce, "Malam, mi nika gani haka?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Tuna mata nika yi. Ruwa shi ka kiran ruwa."

"Ga randata can wayam, ga wanki ya taru. Ni ba a tuna ni?"

Ya ce mace ba ta san sha'anin ƙasa ba.

Da yamma mata suka zo suka ɗiba, suka yi godiya. Kafin gari ya waye ƙasa ta shanye sauran. Ya sake kiran kura. Haka muka yi kwanaki: rijiya na shan ruwan saye, ni ina yi wa yara wanka da ɗaurayar shinkafa.

Abin da bai lissafa ba, 'yan ga-ruwa suna da baki. Wata safiya tsohuwar da ke bayan gidanmu ta tsaya a zaure da guganta, ta gaishe shi a gaban abokan hirarsa, ta ce, "Malam, an kawo wa rijiya nata na yau? Ban ga kura ta wuce ba, kada in wahalar da hannuna."

Daga cikin gida na ji dariyar.

Washegari ya ɗauki babur ya nufi Kebbe, ya sha wannan muguwar hanya, wai don ya samo masu haƙar da ba su san shi ba. Ya dawo da mutum biyu. Suka sauka suka kwashe laka, suka fito da ruɓaɓɓun gugaye, da takalmi wari ɗaya, da ludayina da na zargi maƙwabciya a kansa. Suka ƙara zurfin gaba guda, suka jera zobe. Ruwa ya dawo, ba mai yawa ba: a ɗiba da safe, a bar ta ta taru zuwa la'asar. Babbansu ya ce ruwan ƙasa ne ke sauka, wata shekarar sai an sake bin sa.

Ranar da suka gama na kai musu tuwo zaure. Ina ajiye kwanon miya, babban ya dubi maigida ya ce, "Alhaji, tunda kai ɗan gari ne, in tambaye ka. Can wajenmu an ce akwai wani a Tambuwal da ke sayen ruwa yana zuba wa rijiya. Da gaske ne?"

Maigida ya gyara hula. Ya ce, "Duniya ba ta rasa marasa hankali. Ci tuwonka."

Ni kuwa na koma ciki na ƙaro wa mai tambayar nama.