Kujerar Baya Ba Maɗauri

Tsohuwar motar da maigidana ya daɗe yana haɗawa a garejinmu na garin Bobigny ta girme mu duka. Ran da ya ɗora kujerar baya ya kira ni in gani, don da ita za mu kai ɗiyarmu birnin Lyon wajen yayarsa. Na sa hannu na lalube ko'ina, ban ji maɗauri ba.

Na ce, "Malam, da me za a ɗaure yarinyar?"

Ya yi dariya. "Da can ba a sa shi. So kike in huda motar? Ki riƙe ta a cinya mana."

Ranar tafiya na goya ɗiyata muka shiga jirgin ƙasa. Shi ya iso a motar da la'asar, ya tarar yarinyar tana barci.