Maƙwabtan Bishiyar Gwaggo

Jiya a wani shagon tsirrai a Manchester na ga wata ƙaramar bishiyar Japan da ake kira mapul, ganyenta ja wur, sai na ji muryar Gwaggo, yayar mahaifina, kamar tana tsaye a bayana. Har na waiwaya.

Irin wannan bishiya ta tarar a bayan gidan da ƙaramar hukuma ta ba ta a unguwar Small Heath. Ta ce baƙuwa ce kamar mu, bai kamata a bar ta ba maƙwabta ba. Ta shuka yakuwa a gindinta, inuwa da sanyi suka kashe ta. Ranar da na raka ta sayen wasu tsirran, na ɗauko furen wardi. Ta girgiza kai.

"A'a, 'yar nan. Wannan rana yake so, kuma zai cinye mata abinci. Nemo masu haƙuri da inuwa."

Muka dawo da tsirrai biyu masu son inuwa, fern da hosta mai faɗin ganye. Ta hana ni taɓa shebur, wai saiwar bishiyar ba ta da zurfi. Da yatsu muka yi ta tono, ita tana yi wa bishiyar magana ƙasa-ƙasa.

Bayan rasuwarta aka ba wasu gidan. Da na leƙa ta lungun baya, na ga an shafe gindin da siminti. Har yau nakan ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a tafin hannuna, ko ban taɓa komai ba.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yalwata miki makwanci.