Takardar da ke shafi na 84

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ranki, Goggo, bayan jinyar ciwon ciki.

Duk gidanmu ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini faɗa kan littattafan soyayya ba. Nakan lafe bayan keken ɗinkinki ina karatu, sai ki tsayar da keken ki ce, "To 'yar littafi, ya furta ko har yanzu kallonta yake yi?" Ciwon sukari ya raunana idonki, don haka ni ke zura miki zare, ni ke karanta miki takardun asibiti.

Da likita ya ce za a zura miki kyamara a duba cikinki, aka ba mu takarda. Layin farko kawai na karanta miki: kada a ci komai tun dare. Na ninke ta na yi alamar shafi da ita. A ƙasa kuwa an rubuta cewa mai ciwon sukari ya tuntuɓi likita kan allurar safe, ya faɗa a sa shi farkon layi, ya zo da abin awon sukari. Ban gani ba.

Kika yi allurarki cikakkiya, ciki ba komai. Muka zauna kan benci a doguwar baranda marar taga har azahar. Gumi yana karyo miki, hannunki yana rawa, ni kuwa kaina na cikin littafi, har kika sulale a kafaɗata. Wata nas ce ta ceto ki da ruwan sukari ta jijiya. Aka ɗage gwajin wata biyu.

Da Baba ya tambayi inda takardar take, kika ce ai kin yanka ta kin fitar da wuyan riga. Na buɗe baki, kika harare ni: "Rufe, kada ƙuda ya shiga."

Da aka yi gwajin, aka ce ciwon ya yi nisa. Ko wata biyun nan ne suka jawo, ban sani ba, kuma na kasa tambaya. Takardar tana nan a shafi na 84. Na kasa cire ta, na kasa ƙarasa littafin. Ji nake har yau ina kan bencin nan, ba a kira mu ba.

Baba, ba ƙanwarka ba ce mai laifi. Ni ce.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ka, da 'ya'yanta, da dukan dangi. Allah ya ba mu haƙuri. Goggo, Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya gafarta miki, har da ƙaryar nan da kika yi domina.