Agogon Garba da Hausar da Ban Gane Ba

Shekara goma sha biyu ke nan a wannan wata da muka raka Malam Garba mai gyaran agogo makwancinsa. Sunana Bitrus, tsohon malamin firamare, amma a bakin Garba ban taɓa wuce Ticha ba. Iyayensa daga Zariya suka zo, nawa Mumuye ne, muka haɗu a Jalingo muna samari, muka shekara talatin da ɗoriya muna musu a kan benci ɗaya. Rabin musun a kan Hausata ne. In na ce "matata ya zo", sai ya ɗago kai da gilashin nan na masu gyara maƙale a ido ɗaya, ya ce, "Ticha, yaushe Saratu ta fara gemu?"

Teburinsa yana unguwar Turaki, a bakin hanya. Wanda bai ga Garba yana aiki ba ya yi asarar kallo. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle, ya buɗe bayan agogo, ya riƙa zaro ƙarafuna da matsefata, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga mai da bakin allura, ya mayar da kowanne gurbinsa. Akwai wani ɗan zobe mai kai da komowa da yake kira zuciya. In ya sa shi a ƙarshe, sai ka ga abin ya ɗauka da kansa, ba batir, ba waya. Na gani ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa gani ban yi murmushi ba.

Da agogon batir ya cika kasuwa, abokan sana'arsa suka koma sayar da maɗauri da tabarau. Shi ya ƙi. Yakan sauya wa mutum batir in an kawo, amma fuskarsa a murtuke kamar an sa shi shan magani. Agogon da ke hannunsa kuwa irin wanda motsin hannu ke ba wa ƙarfi ne: in kana ɗaure da shi yana tafiya, in ka ajiye shi kwana biyu ya tsaya. Garba yakan ce agogo ne da ba ya zama da malalaci.

Agogon nan ya kwance ya ɗaura mini a asibiti, kwana uku kafin rasuwarsa. Hannunsa ya rame har maɗaurin yana zamewa. Ya ce, "Ticha, kada ka bari ya mutu." Na ce ba zan bari ba.

To, a Hausar da na tashi da ita, in agogo ya tsaya cewa ake ya mutu. Saboda haka na ɗauka na gane. Shekara goma sha ɗaya agogon nan bai tsaya ba ko na daƙiƙa. Da shi nake zuwa gona, da shi nake zuwa coci. Lokacin da aka yi mini aikin ido aka ce in cire komai, Saratu na ɗaura wa. Ta yi ta mita, wai an mai da ita mai reno, amma kwana huɗu tana tuƙa tuwo da shi a hannu, ya dawo mini da ƙarfinsa. Ba na ɓoyewa, ina alfahari da wannan, har na ishi mutanen unguwarmu Majidaɗi da labarin.

Bara sai ya fara ja da baya. Minti biyu a rana, sannan biyar. Ni da ake saita lokacin taron dattawa da isowata, na fara shiga ana tsakiyar addu'a. Da na kara shi a kunne, sai na ji muryarsa ta dishe. Tsoro ya kama ni sosai, domin a duk garin ban san wanda zan ba shi ba.

Saratu ce ta ce in je wurin Hadiza, 'yar Garba ta biyu. Ta yi aure a unguwar Mayo Gwoi, tana da shagon gyaran waya. Na san tun tana 'yar makaranta takan zauna kusa da mahaifinta, amma tun rasuwarsa ta kulle akwatin kayan aikinsa, ba ta ko son a ambace shi. Ta karɓi agogon, ta kara a kunne ta saurara.

Ta ce, "Baba, mai ya bushe. Cin kansa yake yi. Sai an tsayar da shi an wanke."

Na karɓe abina. Na ce, "Babanki ya ce kada in bari ya mutu. Ba ni zan kashe shi ba."

Wata biyu ina gardama da kaina, agogo kuwa yana ƙara gajiya. Ran nan da hantsi sai ga Hadiza a ƙofar gidana, ɗauke da akwatin nan da ta kulle. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, ka taɓa jin mahaifina ya ce agogo ya mutu don ya tsaya?" Na tuna baya. Gaskiyarta. In mutum ya zo ya ce masa agogonsa ya mutu, yakan ce, "Tsayawa ya yi." Na ji wannan a kunnena sau ɗaruruwa, ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai tsiyar Bazazzagi mai gyara wa mutane Hausa. Hadiza ta ce a wurinsa agogo yana mutuwa ne ranar da aka rasa mai iya buɗe shi.

Na kwance na ba ta. A kan teburin cin abincinmu ta shimfiɗa farin ƙyalle. Ina kallo zuciyar nan ta rage gudu, ta tsaya, kuma ba na jin kunyar faɗa, na yi hawaye.

Sai ta juyo mini cikin murfin bayan agogon. Masu gyara suna da al'ada, duk wanda ya wanke agogo yakan ƙarce 'yar alama a ciki da allura. Akwai alamu shida iri ɗaya, harafin sunan Garba da ajami. Ta bakwai dabam ce, ta ɗan karkace. Ta ce, "Wannan tawa ce. Wankinsa na ƙarshe ni ya sa na yi, yana zaune bai taɓa ba." A nan na gano dabarar mutumin. Ya san 'yarsa za ta guji teburin saboda baƙin ciki, ya kuma san taurin kaina. Ya ba ni agogon da dole wata rana ya nemi mai, a garin da hannu ɗaya kaɗai ya rage da zai iya ba shi.

Kwana uku tana zuwa. A rana ta uku ta sa zuciyar a gurbinta, ta ɗauka nan take. Saratu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Hadiza ta ƙarce alama ta takwas, wannan karon a miƙe.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da ya ga zamanin nan. Kowa lokacinsa a waya yake, in caji ya ƙare sai ya tambayi na kusa. Na ga har agogon da ke ƙirga wa mutum takunsa, kuma shi ma sai an sa shi a wuta. Na san da ya yi tsaki. Amma da ya leƙa Mayo Gwoi, da tsakin ya koma ciki. Yanzu rabin shagon Hadiza na agogo ne. Matasa suna tono na kakanninsu daga ƙasan akwati suna kawo mata, wani daga Wukari, wani daga Yola, su tsaya baki buɗe suna kallon abin da ke tafiya ba caji. Mata biyu suna koyo a hannunta.

Garba bai bar gidan sama ba, kuma wurin da teburinsa yake yanzu ana sayar da katin waya. Abin da ya bari shi ne hannun da ya koyar, sai kuma wannan da ke bugawa a wuyan hannuna ina rubutun nan, daidai da lokaci. Na cika alkawari, ko da yake sai da aka fassara mini shi.

Shekaranjiya na biya ta shagon, na tarar da ita sunkuye da gilashin mahaifinta a ido ɗaya. Na ce mata Saratu yana gaishe ta. Ba ta ko ajiye matsefatar ba, ta ɗago kai ta dube ni.

Ta ce, "Baba, yaushe Mama ta fara gemu?"