Littafin da Kalla Ya Bi Har Treichville

Shekara ashirin da biyu ina gasa nama a unguwar Bracodi da ke Adjamé, kuma duk tsawon shekarun nan Kalla na gefena da littattafansa shimfiɗe a kan leda, yana mitar hayaƙina na ɓata masa kaya. Mutumin Maraɗi ne, siriri, mai yawan tsaki. Kwancen littattafai yake sayarwa, amma abin da ya fito da sunansa a Adjamé shi ne wani kwali na labaran Kirista. Ranar Lahadi in an taso daga coci, sai ka ga mata cikin kwalliya sun kewaye dattijon nan mai tabon salla a goshi, kowace na tambayar wanne za ta karanta.

Abin dariyar, Kalla ba ya karanta Faransanci. Dabararsa ita ce, duk wadda ta dawo da littafi don musanya, sai ta zauna a benci ta ba shi labarin daga farko har ƙarshe. Da haka ya haddace kwalin kaf. Ya san wanda ya dace da amarya, ya san na uwar da ɗanta ya tafi Turai aka ji shiru. Dokarsa ɗaya ce, kuma da ita yake taƙama: ba ya ba mai jinya littafin da aka mutu a ciki.

Wata Lahadi Madam Ajuwa ta zo, mai sayar da atamfa a kasuwar Treichville. Mijinta ya yi wata biyu a asibiti, kullum da rana takan karanta masa.

"Tonton Kalla," ta ce, "ba ni wanda mara lafiya ke tashi a ƙarshe."

Bai ko yi tunani ba ya zaro wani mai koren bango, labarin malamin makaranta da ya kwanta ciwo, 'yan cocinsu suka duƙufa yi masa addu'a. "Wannan. Da ƙafarsa yake komawa gida."

Bayan kwana tara sai ga Talatu, Kirista ce 'yar Najeriya, tsohuwar mai sayen littafi a wurinsa. Da ta ji wadda aka ba koren littafin, sai ta ɗora hannu a ka.

"Baba Kalla, malamin nan ai mutuwa ya yi."

"Ke da bakinki kika ce ya warke!"

"Pardon, Baba. Lokacin Inna Tsahara na kwance rai a hannun Allah. Da wane baki zan gaya maka?"

Tsahara matarsa ce, ta kuwa warke tun shekara shida da suka wuce. Shi kuma tun daga lokacin yake yawo da ƙaryar tausayi a kansa bai sani ba.

Ban taɓa ganin Kalla ya bar kayansa da rana ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ran nan ya bar mini su, ni da hayaƙin nawa, ya ɗauki wani littafin ya shiga mota ya haye gada, ko zai riske ta kafin ta kai shafin ƙarshe. Ya tarar da shagonta a rufe, maƙwabta kuma ba su san asibitin ba. Ya koma washegari, ya sake komawa. Ko tsaki ya daina yi, abin har ya ba ni tausayi.

A zuwa na biyar ya same ta cikin baƙaƙen kayan takaba. Shi ya ba ni labarin abin da ya biyo baya.

"Yako, Madam," ya yi mata ta'aziyya irin ta garin, sannan ya faɗi laifinsa bai rage komai ba.

Ta ce sun gama littafin ita da mijinta. "Da na hango inda labarin ya dosa, sai na fara ƙirƙiro nawa. Ya riƙe hannuna ya ce, Ajuwa, karanta abin da aka rubuta. Ni da dangi da 'yan coci, kowa na ce masa zai tashi, shi kuwa ya sani. Da muka rufe littafin sai bakinsa ya buɗe. Ya zaɓi waƙar da za a rera masa, ya bar wa kowane yaro saƙo, ya nemi gafarata, ni ma na nemi tasa. Kwana uku muka samu, Tonton, babu ɓoye-ɓoye tsakaninmu."

Kalla ya ce sai ya zauna a kan dilar atamfa da littafin da ya kawo a cinyarsa, hawaye na zuba, matar da aka yi wa mutuwa tana ba shi haƙuri.