Sharaɗin Mai Waƙa a Bikin Jikata

Mai waƙar nan, ni na fara ɗora mata ƙwarya a cinya. Duk layinmu na Gyadi-Gyadi an san haka, wanda bai sani ba baƙo ne. Ubanta direba ne, daga ƙauye suka taso suka kama ɗaki jikin katangarmu. Tana 'yar mitsitsiya take shigowa idan muna kiɗan ƙwarya ranar suna, ta zauna a gefen tabarmata tana karɓar amshi da muryar da ta fi ƙarfin ƙirjinta.

Tana da ƙane mai sikila. Idan ciwon ya tashi, kukansa har tsakar gidana. Sai ta goya shi, ga shi ya kusa kai ta tsawo, tana zagaya rijiya tana ƙirƙirar masa waƙa har ya yi lamo. Bai kai shiga sakandare ba Allah ya karɓi abinsa.

Daga baya ta shiga amshi a wani situdiyo a Tarauni, tana bin bayan muryar maza. Da ta fara tsara nata, sai ga ta a rediyo, ga ta a wayar 'yan mata, ga ta a cikin kowace adaidaita sahu. An kai ta Yamai, an kai ta ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Waƙar soyayya ce ta ɗaga ta, amma waƙar ƙanenta ce ta zaunar da ita. Ta haɗa ƙungiya suna kai wa yara masu sikila magani, suna neman musu jini. Sannan ta kafa doka: ba ta waƙa a bikin da ango da amarya ba su gwada jini ba. A lokacin mutane ba su saba ba, har zaginta aka yi.

Ni ban ɗauka dokar ta shafe ni ba. Da aka sa ranar jikata, na bi gida-gida, har Unguwar Gano wajen dangin ango, ina cewa 'yar gidana ce za ta yi waƙa ranar kamu. Na ɗaga murya kuwa, don akwai waɗanda nake so su ji.

Ta zo da yamma a motarta, ta cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa.

"Inna, na ji abin arziki. Sun yi gwaji?"

"Gwajin me? Jikar tawa?"

"Ko 'yar cikina ce, Inna."

"Ke, 'yar nan! Ni da na share miki majina? Jininmu wankakke ne tun kaka da kakanni."

Ta sunkuyar da kai. "Atamfa zan kawo, kujeru zan kawo, in kin ce in wanke tukwane zan wanke. Amma bakina ba zai buɗe ba. Na yi wa wancan yaron alkawari a kan makara."

Na juya mata baya har ta fita. Tuwo ma ban ci ba. In ba ta zo ba, da wane ido zan kalli matan Unguwar Gano? In kuma aka gwada aka ga abin da ba a so, lefe ya riga ya shigo gida, jikata kuma ta mutu a kan angon.

Angon ne ya warware. Malamin makaranta ne, mai tsokana. Ya zo gaishe ni ya ce, "Amaryata ta fari, ko allura kike tsoro?"

"Ni? Na haihu bakwai a kan tabarma, ko uhum ban ce ba. Mu je, da ni za a fara, mai waƙa ta ga irin jinin da take tuhuma."

Haka muka tafi asibiti mu uku, na miƙa hannu kafin kowa. Ranar da muka koma, ma'aikaciyar ta ce ango ba shi da komai. Amarya tana ɗauke da rabi, amma tunda shi lafiya lau ne, aure ba matsala. Na yi hamdala, na fara gyara mayafi. Sai ta dube ni.

"Hajiya, ke ma kina ɗauke da shi. Kin taɓa rasa yara ƙanana?"

Biyu na rasa, mace da namiji, a jere. Hannuwansu su kumbura, idanu su yi rawaya, su yi ta tsala ihu in an taɓa su. Aka ce sanyin ƙashi ne, aka ce iska ce, wata tsohuwa ta ce wabi nake yi. Na sha rubutu, na yi turare, na bar ɗakin da nake kwana. Ashe abin yana jikina da jikin malam maigidana, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya yi mana komai. Na zauna a bencin asibitin nan, jikata tana riƙe da hannuna, na kasa tashi.

Ranar kamu ta zo da makaɗanta. Matan Unguwar Gano sun ga abin da na ce za su gani. Ta yi waƙar amarya, ta yi ta uwar ango, aka yi rawa har ƙura ta tashi. Can sai ta sa aka kashe fiyano, ta ɗauko ta ƙanenta, wadda amshinta ke cewa, "A gwada kafin a ɗaura, yaro ne zai yi kukan." Wuri ya yi tsit, don ba waƙar biki ba ce.

Na aika aka ɗauko min ƙwaryata a saman sif. Na kifa ta, na karɓi amshin. Ta waiwayo ta gan ni, muryarta ta karye, sai da na ja baitin ni kaɗai kafin ta dawo.

Da za ta tafi ta ce, "Inna, kin huce?"

Na ce, "Kin yi saurin shiga a baiti na biyu. Gobe ki zo in gyara miki."

Ta zo kuwa. Tun daga nan, duk unguwar da za ta je yi wa mata bayani, da ni a gaban mota. Ita ta yi waƙa, ni in ba su labarin biyun nan nawa.